Sunan da Ban Faɗa Ba

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba mu aron mahaifinku kuma ya karɓi abinsa.

Ban yi niyyar rubuta wannan babi ba. Na so in ba ku labarin ƙuruciyata a Fakku da shanun babana, daga nan in tsallaka zuwa haihuwarku. Amma ranar sadakar arba'in, ina zaune a ɗaki cikin takaba, na ji muryar ɗayanku ta bayan taga yana hira da abokansa. Ya ce, "Ai Baba ya taɓa zama a Sudan, sai dai abin bai yi ba, aka dawo da shi." Bai faɗa da mugun nufi ba, abin da ya tashi ya tarar ana faɗa ne. Ba zan ce wane ne ba, ya san kansa, kuma ban yi fushi ba. Na dai ga cewa idan na bi mahaifinku da bakina a rufe, wannan maganar ce za ta zauna. Karatuna kaɗan ne, za ku ga inda na samo shi nan gaba, ku yi haƙuri da hannuna.

An kawo ni Tambuwal daga Fakku, ta ƙasar Kebbe. Gidanmu manoma ne masu shanu, kuma a wurinmu kunya ita ce mutum. Uwata ta rayu ta rasu ban ji sunan babana a bakinta ba. Idan yaro mai irin sunan ya shigo gidanmu, sai ta kira shi mai sunan maigida. Abin da muka tashi da shi ke nan: mace ba ta kama sunan mijinta sai ranar da ta tsaya gaban alƙali tana neman a raba su. Ran nan ake tambayarta wa take ƙara, ta faɗa, kowa ya san igiya ta tsinke. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zai zo a kansa yake.

Mahaifinku a lokacin yana koyar da Larabci a elemantare. Ina da cikin babban yayanku hukuma ta zaɓe shi cikin waɗanda za a tura Sudan ƙaro ilimi. Da ya gama, maimakon a dawo da shi sai aka riƙe shi can yana kula da mutanenmu masu tafiya hajji ta ƙasa. Shi ne tafintansu, shi ke nema musu masauki, shi ke tsayawa a yi wa wanda ya rasu a hanya sutura. Manyansa sun ji daɗinsa har suka yi masa alkawarin tura shi Masar ya ƙara karatu, suka kuma ba shi gida. Da ya samu gida sai ya nemi izinin kawo iyalinsa.

Ni ina nan Tambuwal tare da Inna, kakarku, da ƙanwarsa Luba, wadda kuka sani da Gwaggo Luba. Kun san ta da baki tana tsohuwa, to da kun gan ta tana budurwa. Ita ta laƙaba mini Ta Fakku, har sunan ya bi ni, mahaifinku ma da shi yake kirana. Luba ta yi ajin yaƙi da jahilci na mata, saboda haka yakan rubuto wasiƙa da boko don ta karanta mana. A tsakar gida ake karantawa, maƙwabta su leƙo. Zai gai da Inna, ya gai da dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gona, ya tambayi jaki ko ƙafarsa ta warke. Can a ƙarshe sai ya ce a gai da mutanen ɗaki. Luba ta naɗe takarda ta dube ni.

"Ga naki nan, Ta Fakku. Jakin gidan ga ya fi ki samun gaisuwa."

Inna ta ce, "Rufa mana baki. Na ƙarshe shi aka fi tunawa."

Takardar izini ta iso daga Sudan, amma da wa'adi a jikinta: sai na shiga ƙasar kafin ta mutu. Kafin in shiga kuwa sai an yi mini fasfo a nan, an buga masa biza. Mu mun zaci abin na mako biyu ne, har Inna ta sa aka daka mini dakkwa da yaji na guzuri. Aka ce a kawo hoto, muka je wurin mai hoto ya shiga cikin baƙin mayafinsa. Aka ce a kawo takardar hakimi, aka kawo. Aka ce a kawo shaidar aure. Mu aurenmu da goro da shaidu aka ɗaura shi, ba wanda ya rubuta komai. Alƙali ya ce a zo da shaidun; ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi cin rani, sai da muka jira ruwan farko ya dawo da shi. Takardu suka tafi Sakkwato, aka ce daga can za su Kaduna, daga Kaduna sai Ikko. Dakkwar nan mu muka cinye ta a gida.

Muna cikin jira aka samu mulkin kai. An yi kiɗa a Tambuwal, an raba wa 'yan makaranta tuta, an dafa shinkafa da nama. Ni ma na yi murna, don Luba ta ce yanzu namu ne a ofis, komai zai yi sauri. Bayan biki sai saƙo ya zo cewa takarduna da hatimin Turawa aka yi su, yanzu kuwa ƙasa ta sake hatimi, sai a sake daga farko.

Inna ta ce, "To su Turawan, da sunka tashi tafiya, cikin aljihu sunka sa takardar ɗiyata?"

Aka sake hoto, aka koma wurin hakimi, aka koma wurin alƙali. Duk wanda aka aika Sakkwato ya tambayo, amsa ɗaya yake kawowa, wai a saurara. Yayanku ya yi rarrafe, ya miƙe, ya fara magana, bai san ubansa ba. Duk namiji mai farar riga da ya shigo zaure sai ya ruga ya riƙe masa ƙafa.

Daga baya aka ce in je da kaina a gan ni. Yayana Modi, wanda kuka sani da Kawu Modi, shi ne waliyyina tun rasuwar babanmu. Ya taso daga Fakku ya raka ni, Luba ta biyo mu. Muka hau bayan motar kaya, a kan buhunan gyaɗa. Ran nan na fara ganin Sakkwato. A ofis muka tarar da wani saurayi mai tabarau, Hausarsa irin ta rediyo. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba Yaya kujera. Ya tambayi sunana, na ce Hauwa, ana ce mini Kulu. Ya tambayi garinmu, na faɗa. Sai ya tsoma alƙalami a tawada, bai ko ɗago kai ba.

"Sunan mijinki?"

Na dubi ƙasa. Na ji kamar an yaye mini mayafi a tsakiyar kasuwa. Luba ta yi caraf ta faɗa, har da sunan ubansu da na kakansu.

Ya ce, "Ba ke na tambaya ba, 'yammata. Daga bakinta nake so."

Na ce a hankali, "Malam."

"Malamai ai suna da yawa a ƙasar nan. Wanne daga ciki?"

"Yayan wagga yarinya."

Ya ajiye alƙalami ya yi mana bayani, kuma bayaninsa gaskiya ne. Ya ce akwai dillalai da ke ɗaukar mata su ɗora su a kan takardun mazan da ba su taɓa gani ba, a wuce da su, wasu ba a sake jin labarinsu. Shi ya sa aka kafa doka cewa sai matar da kanta ta faɗi sunan mijinta da na ubansa. Ya ce kalma biyu ce, in faɗa mu tafi. Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Sunan ya zo har maƙogwarona, sai na ga uwata, na ga matan da na taɓa gani tsugune a gaban alƙali. Ni da na zo neman hanyar zuwa wurinsa, yaya zan fara da abin da ake yi ranar rabuwa? Na rufe bakina.

Yaya Modi ya miƙe ya ce, "Samari, a gidanmu ba a yi wa mace wagga tambaya."

Saurayin ya ce, "Na sani, Baba. Amma ni ma akwai na sama da ni. Ku je ta yi tunani, ku dawo wani watan."

Muka hau mota, muka yi nisa. Yaya ya juyo ya ce, "Kin yi daidai, Kulu. Ɗiyar gidanmu ce ke. Sai dai daidai ɗin ga ba ya kai ki Sudan."

Kafin ya koma Fakku ya nemi ganin Inna. Ya tsuguna a bakin ƙofarta, ina jin su daga ɗakina. Ya ce bai zo da rashin kunya ba, ya san ana riƙe da ni da kyau, amma mace ba rumbu ba ce da za a liƙe a tafi. Ga damina ta uku ta kama, ƙanwarsa ba ta da miji, ba ta kuma rasa miji ba. Ya ce in an sa gero a rumbu ban tafi ba, mijin ma bai zo ba, zai ɗauke ni, ya kai magana gaban alƙalin Kebbe a raba auren. Shari'a ta ba shi wannan, Inna ma ta sani.

Na ɗaga murya daga ɗaki, abin da ban taɓa yi masa ba. "Yaya, can ma ai sai an tambaye ni suna."

Ya ce, "Can ni zan faɗa."

Inna ta hana a rubuta wa mahaifinku wannan magana. Ta ce mutum yana ƙasar wasu, ba a aika masa abin da zai hana shi barci. Ta ce ita za ta je Sakkwato da kanta. "Ni na haife shi, ni na aiko da goron aurenki. In ga wanda zai ce ban san ɗana ba." Tsohuwar nan da ba ta taɓa hawa mota ba, haka aka ɗaga ta aka ɗora a kan kaya, ni da Luba muna gefenta, tana salati duk ramin da muka faɗa. A ofis ta yi wa saurayin nan jawabi mai tsawo, tun daga ranar da ta fara ganina a wurin wani suna har ranar da aka kawo ni. Ya saurara har ta gama.

Ya ce, "Na ji, Inna. To ke faɗa mini, mene ne sunan ɗan naki?"

Inna ta kau da kai. Mahaifinku ɗanta ne na fari. Tun ranar suna ba ta taɓa kama sunansa ba, wancan take ce masa, ko yayan Luba. Ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Ga mu nan mu biyu, uwa da mata, mun sha hanya, ba mai iya faɗa. Luba ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa, masinja ya zo ya fitar da ita.

Inna ta dubi saurayin ta ce, "Ɗana, kai na nawa ne wurin uwarka?"

Ya cire tabarau yana murmushi. "Na fari ne, Inna."

"Mi take ce maka?"

"Baƙo take ce mini."

"To."

Ya daɗe yana juya takardar a hannunsa. Sannan ya ce dokar ta ce a samu sunan daga wurin matar, ba wanda ya saka mata. Idan zan rubuta shi da hannuna a gabansa, da boko, ba mai kama mini hannu, zai sa hannu a kai, in na sama sun tambaya zai amsa. Ban san sunan saurayin nan ba har yau. In yana raye Allah ya ba shi lafiya, in ya riga mu Allah ya yi masa rahama.

A gida sai da aka zauna a kan maganar. Ni ban san ko ya halatta ba. Inna ta gama sakace, sannan ta yanke.

"Baki anka hana. Ni ban ji inda anka ce hannu na magana ba."

Haka na shiga makarantar Luba. Damina ce, aiki ya yi yawa, sai bayan la'asar muke samun zama a gindin magaryar tsakar gida. Ƙasa mai danshi ita ce allonmu, tsinke shi ne alƙalami. Na yi allo ina yarinya, amma boko daga hagu yake tafiya, hannuna ya yi ta komawa inda ya saba. Luba ta so ta fara ni daga farkon baƙaƙe kamar yadda aka koya mata, na ce ba ni da lokaci, ta nuna mini na sunansa kawai. Tana faɗin kowane harafi ina maimaitawa, ɗai-ɗai, ban yarda in haɗa su ba. Na farkon ya fi ba ni wuya, kullum sai ya karkace kamar tulun da aka jingine.

"Haɗa su ki faɗa mana, Ta Fakku. Ba kowa nan sai kaji."

"Kaji ma suna da kunne."

"Wallahi in yaya ya ga yadda kike rubuta shi, sakinki zai yi da kansa, Modi shi huta."

Inna ta jefo mata mafici daga ƙofar ɗaki. Idan mun gama, da tafin hannu nake shafewa. Ban taɓa barin sunan ya kwana a ƙasa ba, ban kuma bar ƙafar mutum ko ta akuya ta taka shi ba. Da hannuna ya faɗa, Luba ta ba ni gawayi ina yi a bayan ƙwarya, in wanke in zuba ruwan a gindin magarya.

Gero ya fara fitar da kai muka koma Sakkwato. Ran nan na fara riƙe alƙalamin tawada. Tawada ta ɗiga a gefen takarda. Na rubuta sunansa, na rubuta na ubansa a ƙasa. Saurayin ya duba, ya gwada da abin da ke cikin takardun, ya sa hannu ya buga hatimi. Luba ta rangaɗa guɗa a cikin ofishin gwamnati. Ni dai hawaye ne suka zo mini, na share. Sai na ga ya jawo takardar izinin nan ta Sudan, ya duba, ya sake dubawa, fuskarsa ta canza. Ya ce wa'adinta ya cika tun watan da ya wuce. Sai maigidana ya nemi sabuwa daga can, in ta zo a haɗa da wannan a tura Kaduna.

Na ce, "Yaushe ke nan?"

Ya kasa dubana. Ya ce, "Sai dai a saurara."

Aka yanke gero, aka ɗaure, aka sa a rumbu. Yaya Modi mutum ne mai cika magana. Ya zo da takarkari ya ɗauke ni da yayanku. Inna ta fito. Ta raka ni har bakin zaure, ta sa mini hannu a ka, ta ce ɗakina yana nan, ba mai shiga. A Fakku na koma cikin matan gidanmu ina sussuka da tatsa, ina jin ana shawarar ranar da za a je Kebbe. Abin da ya jinkirta tafiyar, ciwo ne ya shiga garken Yaya, ya kasa barin shanu.

Abin da Inna ta ɓoye, wani maniyyaci ne ya kai shi. Mutumin Tambuwal ne, ya bi ta ƙasa, ya sauka a hannun mahaifinku. Suna cin abinci ya ba shi labarin a matsayin abin dariya, yadda uwa da mata suka je Sakkwato suka kasa faɗin suna, yadda aka ga matar Malam tana zane a ƙasa kamar mai duba. Ya ƙara da cewa ai har yayanta ya sa rana.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe, yara suka rugo suna cewa ga wani baƙo yana tura keke, da farar jallabiya da rawani irin na Larabawa. Na leƙa ta jikin zana. Ya rame, ya yi baƙi, ƙafafunsa duk ƙura. Na saki rariya na shige ɗaki. Shekarun nan ina jiran wannan rana, da ta zo kuma na kasa fitowa. Aka shimfiɗa masa tabarma a bayan zanar, aka kira Yaya daga garke. Bayan sun gaisa Yaya bai yi kwana-kwana ba.

"Malam, ɗaukarta ka zo yi ko sallamarta?"

"Gida na zo, Yaya."

"Hutu anka ba ka?"

"A'a. Aikin ya ƙare."

"Korarka sunka yi?"

Ya ce, "Abin da za a ce ke nan. A bar shi haka."

Yaya bai ƙara tambaya ba. Ya sa aka yanka ɗan akuya. Washegari muka kama hanyar Tambuwal. Mahaifinku ya ɗora yayanku a kan keke yana turawa, yaron na ta kallonsa bai yarda ya yi kuka ba, ni ina biye da ƙwarya a ka. Sai da muka bar gonakin Fakku a baya ya fara magana, bai juyo ba. Ya ce ya nemi hutu an hana shi, don lokacin wucewar alhazai ne. An ce masa in ya tafi wani za a ba wurin, maganar Masar kuma ta tashi. An ba shi shawara ya sake neman izini ya jira, ai mace ba ta gudu.

Ya ce, "Na ce musu akwai wadda ta koyi boko saboda ni. Ni mi na yi saboda ita?"

Muka ci gaba da tafiya. Can ya tsayar da keke a gindin wata ɗorawa.

"Ta Fakku, abu ɗaya nika roƙonki. In anka ji na bar aiki saboda mace, dangina ba su yafe miki, har ɗiyanki sai an yi wa gori. In anka ce korata anka yi, ni kaɗai za a yi wa dariya, dariya kuwa ba ta kisa. Ki rufe mini wanga kamar yadda kika rufe sunana."

Na ce, "To."

Ya biya kuɗin wannan magana har ƙarshen ransa. Hukuma ba ta ji daɗin yadda ya baro aiki ba, sai da ya yi noma shekara guda ba albashi kafin a tura shi ƙaramar makaranta a Jabo, inda yawancinku kuka tashi. Waɗanda suka tafi tare da shi sun zama alƙalai da manyan ma'aikata. Wani lokaci motar ɗayansu takan tsaya a bakin makaranta, ya fita da alli a hannu su gaisa, ya koma aji. A majalisa akan tsokane shi, a ce Malam na Sudan, me ka yi musu suka koro ka? Sai ya ce shayinsu ya shanye musu. A yi dariya, shi ma ya yi. Na sha jin wannan daga cikin gida ina riƙe da muciya. Ko sau ɗaya, ko a cikin fushi, kuma mun yi fushi kamar kowa, bai taɓa ce mini saboda ke ba. Inna ta gane, don ba a ɓoye wa uwa irin wannan, amma ba ta taɓa canza mini fuska ba har ta koma ga Allah.

Ban san wa ya tura takardun Kaduna ba, amma fasfo ɗin ya iso da damina ta gaba, an yi shi tsaf, da hotona a ciki. Luba ce ta kawo mini, ta ce, "Ga takardarki, Ta Fakku, sai ki tafi Sudan ki gaishe su." Mahaifinku ya karɓa ya daɗe yana kallon hoton, ya ce na yi kama da wadda aka kama da kazar maƙwabta. Yana nan a ƙasan akwatina, wanda ya so ya gani. Shi ne kuma ya ce tunda na fara ba zan tsaya a kan baƙaƙen suna biyu ba. Ya koya mini sauran, da haƙurin da yake koya wa yaran Jabo. Da su nake rubuta muku wannan.

Na san na yi masa alkawari. Amma ya ce in rufe ne don ya tsare ni da ku daga gori, masu gorin kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu rufewar shi kaɗai take cuta. Ba a kori mahaifinku ba. Ku gaya wa 'ya'yanku.

A ciwonsa na ƙarshe, ranar da aka kwantar da shi a asibiti, kun fita neman magani, ni kaɗai ce a wurinsa. Wata yarinya ma'aikaciya ta zo da kati ta tsaya a kaina.

"Mama, sunan mara lafiya?"

Na zaci barci yake. Sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, idonsa a rufe.

"Ba ta alƙalami, ɗiyata. In kin tsaya jiran bakinta, sai ki yi ritaya nan."

Yarinyar ba ta gane ba, amma ta miƙo mini. Na rubuta. Ya ce in nuna masa, na kai katin kusa da fuskarsa. Ya buɗe ido ya duba, ya ce har yau harafin farkon nan a karkace yake. Wannan ce dariyar ƙarshe da muka yi tare.

Sunansa kun san shi, yana bayan sunan kowannenku. A littafin nan dai ba za ku gan shi ba. Idan na idar da salla na ɗaga hannu, shi kawai nake cewa, Allah ka ji ƙansa, ka yalwata masa, ka sada ni da shi. A can ba a taɓa tambayata wanne daga ciki ba.